Yau da Faransa, gobe da Rasha: me ke faruwa ne?

Tun da jiragen yaƙin Faransa suka daina wucewa ta saman Njamena, babban birnin ƙasarmu Chadi, da ƙarar nan tasu mai girgiza kwanon rufi, kusan kullum a majalisar shayinmu sai an taso da maganar. Ga tambayoyin da aka fi yi min.

Wai da gaske mun rabu da Faransa kwata-kwata?

A'a, yarjejeniyar tsaro ce gwamnati ta soke ranar 28 ga Nuwamba 2024, sa'o'i kaɗan bayan ziyarar ministan harkokin wajensu. Sojojinsu suka bar garin Faya, suka bar Abeche, sansanin Adji Kossei na kusa da filin jirgi shi ne na ƙarshe, a ƙarshen Janairu 2025. Amma ofishin jakadancinsu na nan. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne jiragen Faransan nan su suka yi luguden wuta kan 'yan tawaye a Fabrairun 2019 don kare shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Idriss Deby.

To kenan mun koma hannun Rasha?

Nan ne mutane ke saurin yanke hukunci. Gaskiya ne Shugaba Mahamat Deby ya je wajen Putin a Janairun 2024, ministan harkokin wajen Rasha Lavrov ma ya zo nan a Yuni, amma Chadi ba ta shiga ƙawancen Mali da Nijar da Burkina ba, kuma tana hulɗa da Daular Larabawa, da Turkiyya, da China. Ku tuna ma har 2006 Taiwan muke yi da ita, aka juya aka kama China, bayan shekara biyar matatar Djarmaya ta fara aiki, man da ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ke sha a mashin ɗinsa ke nan.

Wannan ba yaudara ba ce, yau nan gobe can?

Wani dattijonmu ya ce min, "Kai ɗana, mai abokai da yawa ba shi da aboki." Na ce Baba ai manyan ma haka suke yi. Turkiyya tana cikin NATO, ƙawancen tsaron Amurka da ƙasashen Turai, amma a 2019 ta karɓi makaman S-400 na Rasha, Amurka ta fusata ta cire ta daga shirin jirgin F-35, kuma har yau ba ta fita NATO ba. Saudiyya da Iran shekara bakwai ba sa ga maciji, sai ga su a Beijing a 2023 sun shirya, China ce ma ta shiga tsakani.

Mu talakawa ina ruwanmu?

Wallahi da ruwanmu, wannan ce ta fi damuna. A Oktoban 2024 Boko Haram ta kashe sojojinmu kusan 40 a Barkaram, yankin Tafkin Chadi, a lokacin ma Faransa ba ta tafi ba. Ga yaƙin Sudan ya cika garin Adre na kan iyaka da 'yan gudun hijira. Ni dai duk wanda zai zo, baƙi ko fari, ina so a fito a karanta mana abin da aka sa wa hannu, shekara nawa, me za mu ba shi, me zai ba mu, kuma majalisa ta gani kafin sojansa ko ɗaya ya sauka.