Sulke da Makaman Gwabzawar Raya Tarihi a Turai

Gwabzawar raya tarihi wasa ne da mutane ke sanya kayan yaƙi irin na baraden Turai na zamanin tsakiya, wato tsakanin shekara ta 500 zuwa ta 1500 miladiyya, su kara da juna da makaman da aka cire wa kaifi. Wasu suna yi ne don nuna wa 'yan kallo yadda wani sanannen yaƙi ya gudana, wasu don gasa da cin kofi, wasu kuma don su gane da jikinsu yadda mutanen dā suka riƙa sarrafa takobi. Wasan ya fi ƙarfi a Turai da Amurka da Ostareliya, kuma ya farfaɗo da wata sana'a da ta kusa ɓacewa, ƙirar sulke da kwalkwali. Sai dai maƙerin yau yana aiki ne da manufar da ta saɓa wa ta maƙerin jiya. Na jiya yana son makami ya kashe, sulke kuma ya yi sauƙin ɗauka. Na yau yana son makami ya daki mutum bai kashe shi ba, sulke kuma ya jure duka ɗari a yini ɗaya. Kusan duk wata muhawara da ake yi a wannan fage daga nan ta samo tushe.

Asali da rabe-rabe

Sha'awar maimaita wasan barade ba sabuwa ba ce. A watan Agustan 1839 wani basarake ya shirya gagarumin taron sukuwa da māsu a Eglinton ta ƙasar Sikotlan, dubban mutane suka hallara, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya watsa taron a ranar farko. Amma wasan a siffarsa ta yanzu ya fara kafuwa ne bayan 1960. A ranar 1 ga Mayu 1966 wasu matasa a Berkeley ta jihar Kalifoniya suka yi wata 'yar gasa a bayan gida, wadda ta haifi kashi na farko na wasan, ƙungiyar masu raya al'adun zamanin tsakiya mai suna Society for Creative Anachronism (SCA). 'Yan wannan ƙungiya suna sa sulken ƙarfe, amma takubbansu na ratan ne, wata kurangar daji mai kama da gora wadda ba ta da rami a ciki. An zaɓe ta ne domin idan ta gaji da duka sai ta tsattsage ta zama kamar tsintsiya, ba ta karyewa ta bar tsini. A tsarinsu wanda aka daka shi ne ke faɗin cewa sāran ya kai na kisa, ya faɗi da kansa, don haka wasan ya dogara kacokan a kan gaskiyar ɗan wasa. Babban taronsu na shekara, Pennsic, wanda aka fara a 1972, ana yin sa a jihar Pensilbaniya, yana tara mutane wajen dubu goma.

Kashi na biyu shi ne na maimaita yaƙe-yaƙen tarihi a filayen da aka gwabza su. A Ingila ana maimaita yaƙin Hastings na 14 ga Oktoba 1066 da na Tewkesbury na 1471. A Folan, duk watan Yuli ana taruwa a Grunwald don tuna 15 ga Yuli 1410, ranar da rundunar Folan da Lituweniya ta karya lagon ƙungiyar baraden Jamusawa da ake kira Tutonik. A irin wannan taro kowa ya san wanda zai yi nasara tun kafin a fara, ana sassauta hannu wurin sara, hankali ya fi karkata ga dacewar tufafi da tantuna da tukwane.

Kashi na uku, wanda ya fi tsanani, shi ne buhurt, sunan da aka aro daga wata tsohuwar kalma mai nufin karo tsakanin gungun mahaya. Ya bunƙasa a Rasha da Yukren da Belarus bayan 1990. Gasar ƙasashe mai suna Battle of the Nations ta fara a 2010 a ganuwar Khotyn ta Yukren, ƙungiyar wasan ta ƙasa da ƙasa mai suna IMCF kuma ta yi gasarta ta duniya ta farko a 2014 a fadar Belmonte ta Sifaniya. A nan makamin ƙarfe ne, saran da cikakken ƙarfi ne, ana kokawa, ana ture, ana taɗiya. An fi yin biyar da biyar a cikin fili mai shingen katako, kuma duk wanda wani sashe na jikinsa ban da tafin ƙafafunsa ya taɓa ƙasa ya fita. Akwai kuma masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen koyar da takobi, irin kundin da ake kira I.33 na wajen shekarar 1300 da ke ajiye a Leeds ta Ingila, amma su galibi kayan kariyar zamani suke sawa.

Rigar ciki

Mai kallo ƙarfe yake gani, amma wanda ya taɓa shan guduma a kafaɗa ya san rigar ciki ce ke ceton ƙashi. Riga ce ta yadin lilin ko auduga, a jera yadi bisa yadi, ko a cusa ulu ko auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cikon ya taru wuri ɗaya. Ƙarfe yana hana yanka, cikon yana shanye ƙarfin duka. A jikin wannan riga ake huda ƙananan ramuka a zura igiyoyi, da su ake ɗaure ƙarfen hannu da na cinya. In telan ya kuskure awo, duk kyan ƙarfen da aka ɗora a kai ya tashi a banza: zai zame, ya ciji gwiwar hannu, ya hana ɗaga takobi sama.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Lifidi, wanda ake cusa wa audugar rimi a lulluɓe doki da mahayinsa, tunani ɗaya ne. Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Har yau 'yan lifidi da 'yan sulke suna fitowa a hawan sallah, ko da yake nasu hawa ne na nuna ƙasaita da mubaya'a ga sarki, ba karawa da juna ba.

Saƙar sulke

Sulken zobba shi ne ya yi mulkin fagen daga a Turai sama da shekara dubu kafin faranti, wato sulken faifan ƙarfe, ya karɓe shi. Yadda ake yin sa bai canza sosai ba. A nannaɗe wayar ƙarfe a jikin sanda siririya, a yayyanka ta zobe-zobe, a haɗa bakin kowane zobe ɗaya bisa ɗaya, a daka wurin ya baje, a huda, a sa ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero a danne ta da awartaki. Kowane zobe yana riƙe da huɗu. A tsofaffin riguna sukan jera layi ɗaya na zobba masu ƙusa, layi ɗaya na zobban da aka fafe daga faifan ƙarfe ba su da baki, abin da ke rage aiki da rabi. Riga ɗaya tana cin zobe dubu ashirin ko fiye, nauyinta yana kai kilo goma, kuma mutum ɗaya kan shafe watanni a kanta.

Saboda wannan wahala, masu fara wasan da yawa suna sayen sulken da aka matse bakin zobbansa kawai ba ƙusa. Yana da arha, yana da kyau a hoto, amma da an ja shi da ƙarfi zobba ke buɗewa su zube, kuma ya fi na ainihi nauyi domin sai an yi shi da waya mai kauri. Ƙungiyoyin da suka damu da tarihi ba sa karɓarsa. Mafi yawan sulke mai ƙusa da ke kasuwa yanzu daga ƙananan masana'antun Indiya yake fitowa. Gwanin saƙa ana gane shi a hammata: wurin ne ake ƙara zobba ko a rage, kamar yadda tela ke sa haɓa, don hannu ya ɗagu rigar ba ta tattare ba.

Ƙirar faranti

Daga ƙarni na 14 maƙeran Turai suka fara rufe jiki da faifan ƙarfe, har zuwa ƙarni na 15 da cikakkiyar shiga ta kammala daga kai zuwa yatsun ƙafa. Milan ta Italiya ta shahara da gidan Missaglia, Augsburg ta Jamus da gidan Helmschmied, Sarki Henry na Takwas na Ingila kuma ya ɗauko maƙera daga ƙetare ya kafa musu maƙera a Greenwich. Maƙerin yau yana koyo ne daga abin da ya rage na aikinsu: taskar fadar Churburg a arewacin Italiya, rumbun makamai na Graz a Ostiriya mai kaya kimanin 32,000, gumakan da ke kan kaburburan barade, da zane-zanen littattafai. Wani muhimmin tushe shi ne Visby a tsibirin Gotland na Suwidin. A Yulin 1361 sojojin Sarki Valdemar na Denmak suka karkashe manoman tsibirin a bakin ganuwa, aka binne da yawansu da kayan yaƙinsu a jiki. Da aka tono ramukan a farkon ƙarni na 20, an sami ƙasusuwan mutum fiye da dubu da riguna masu faifan ƙarfe a ciki guda ashirin da wani abu. Ƙasusuwan sun nuna sara mai yawa a ƙwauri. Abin tausayi ne a ce talakawan da aka jefa rami ɗaya su ne suka bar wa duniya mafi cikar bayani a kan wannan shiga, amma haka abin yake, kuma har yau ana kiran salon rigar da sunan Visby.

Aikin yana farawa da awon jikin mai saye, a zana a kwali, a yanka faifan ƙarfe. Hanyar lanƙwasawa biyu ce. Ko dai a ɗora faifan a kan kututture mai rami a daka shi daga ciki har ya yi ƙoƙo, wanda ke da sauri amma yana sirantar da tsakiya, ko kuma a kifa shi a kan turken ƙarfe a riƙa bugu daga waje zagaye-zagaye, ana zuga shi lokaci-lokaci don ya yi laushi. Hanya ta biyu ita ce ta magabata, tana barin kauri inda ake bukata, amma tana cin lokaci, shi ya sa mafi yawan kwalkwalin yau ɓari biyu ne aka haɗa da walda aka goge. Bayan haka sai a bi da ƙaramar masaba a share tabon duka, a naɗe gefuna don kada su yanki fata, a haɗa gaɓoɓi da ƙusoshi masu zamewa da tsirin fata. Gwiwa da safar hannu su ne gwajin maƙeri. Dole faifai su hau juna su sauka ba tare da sun buɗe kafa ba.

Ƙarfen ma zaɓi ne. Baƙin ƙarfe na gama-gari yana da arha amma yana lotsewa. Ƙarfen sifirin, irin wanda maƙeranmu ke nema don wuƙa da adda, idan aka zuga shi ya yi ja aka tsoma a mai, sannan aka sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi, yana jure duka ko da bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Wasu suna amfani da titaniyom don rage nauyi, ko ƙarfen da ba ya tsatsa don gudun goga da mai, masu kishin tarihi kuma suna ganin launinsu ya tona asiri. Kwalkwali ne ba a wasa da shi. A SCA mafi ƙarancin kaurinsa milimita 1.6 ne, a buhurt yakan kai biyu da rabi ko uku, kuma nauyin nan da kansa kariya ne domin yana hana kai girgiza. Ramin ido sai an ƙuntata shi ko a gitta masa sanduna. Faransawa ba su manta da Sarki Henri na Biyu ba, wanda tsinken karyayyen mashi ya shiga ta fuskar kwalkwalinsa a wasan sukuwa a 1559, ya rasu bayan kwana goma.

Sakamakon haka, shigar barden ƙarni na 15 da ba ta cika wuce kilo 20 zuwa 25 ba, ta ɗan buhurt takan haura 30. Marubucin wannan maƙala yana ganin ba laifi a nan muddin an faɗa wa mai kallo gaskiya: abin da ke gabansa siffar dā ce da kaurin yau.

Makamai da ƙa'idojinsu

Takobin Turai na hannu ɗaya bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, saɓanin tatsuniyar cewa sai ƙato ke ɗaga shi. Na wasa ana barin bakinsa da kaurin kusan milimita biyu, a zagaye tsinin. Dole ƙarfensa ya zama mai lanƙwasa ya dawo, domin wanda ya bushe da yawa yana tsinkewa guntun ya tashi cikin 'yan kallo. Bayan kowace karawa akan bi bakin da magagari a share zazzagon da ya fito. 'Yan buhurt sun fi son takobi mai faɗin kai kamar adda, da gatari, da kulki, da barandami mai doguwar ƙota, saboda su ne ke girgiza mai sulke. Garkuwa ta katako ce, a lulluɓe da yadi, a kewaye bakin da fata.

Kafin a shiga fili alƙalai suna auna kowane makami, su shafa bakinsa da hannu, su duba madaurin haɓa, su tabbatar kayan mutum duka na yanki ɗaya ne da zamani ɗaya. Suka haramun ce a buhurt, haka sara a ƙeya, bayan gwiwa, mara, da dukan wanda ya riga ya faɗi. Wannan hani shi ne babban giɓin da ke tsakanin wasan da ainihin yaƙi, domin tsofaffin malaman takobi sun koyar da cewa mai faranti ba a sare shi, ana kama tsakiyar takobi da hannun hagu ne a nemi hammata ko ramin ido a soka. Wato dabarar da ta fi kowace inganci a tarihi ita ce ta farko da aka soke.

Duk da haka sanya kayan ya warware wasu tsofaffin zato. An ga mai cikakkiyar shiga yana gudu, yana hawa doki ba mai ɗaga shi, yana faɗuwa ya miƙe da kansa. An kuma ga inda wahalar take. Wani gwaji da masana na Jami'ar Leeds suka wallafa a 2011, inda suka ɗora masu sulke a kan injin tafiya, ya nuna suna ƙona ƙarfi kusan ninki biyu na wanda ba ya sanye da komai, musamman saboda nauyin da ke ƙafafu da matsewar ƙirji. Raunukan da aka fi samu su ne karayar yatsu, gocewar gwiwa ko kafaɗa, da buguwar kai. Zafi ma abokin gaba ne: a cikin rufaffen kwalkwali numfashi yana komawa fuska, gumi yana jiƙa rigar ciki, don haka zagaye ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci, kuma a bakin shinge akwai masu jira da ruwa, su kwance wa ɗan wasa madauri da zarar an busa tashi.