Saje ya cire kaki: tambayoyi da amsoshi kan ƙananan sojoji bayan ritaya

Ina da wani kawu da ya yi shekara 35 cif a soja, ya shiga yana kurtu ya fito yana warant ofisa, har Laberiya ya je lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, Allah ya dawo da shi lafiya. Ranar da ya fara zuwa intabiyu a wani kamfani bayan ritaya tambayar farko da aka yi masa ita ce da wane muƙami ka fita, da ya faɗa sai mai tambayar ya ajiye biro ya ce, au ashe ba ofisa ba ne kai Baba. Daga nan hira ta koma maganar gadi, alhali mutumin nan aikin kula da sito ya je nema. Tun lokacin abin ke ci min rai, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda na fi ji a bakin mutane duk sanda aka ɗauko zancen.

Wai tun farko mene ne bambancin ƙaramin soja da hafsa?

Ƙofar shiga ce ta bambanta. Wanda ya shiga da takardar sakandare galibi Difo ta Zariya ake kai shi, wadda take nan tun 1924, ya sha horo na kamar wata shida ya fito farabiti, daga nan ya riƙa hawa a hankali, las kofur igiya ɗaya, kofur igiya biyu, saje igiya uku, sitaf saje, har in rai ya yi tsawo ya kai warant ofisa, waɗanda cikinsu ake naɗa samanja. Shi kuwa hafsa makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna yake bi, wadda aka buɗe a 1964, ya yi shekara biyar ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, ko kuma in ya riga ya gama jami'a ya shiga ta gajeren kwas. To ranar da yaron nan ɗan shekara 23 ya saka aninin nan, samanjan da ya haife shi ma dole ya ƙame ya sara masa.

Kuma ba a filin fareti abin ya tsaya ba. Wurin cin abinci da shaƙatawa na hafsoshi daban, na su saje daban, na ƙanana daban, gidaje daban, kai hatta matansu ƙungiya daban suke da ita, matan hafsoshi NAOWA, matan sojoji NASWA. A cikin bariki abin yana da dalili, don a fagen daga ba a zama a yi shawara kan wa zai ba da oda. Kuma duk laftanar mai hankali ya san in yana son ya zauna lafiya to ya saurari sajensa da RSM, wato babban samanjan bataliya.

To ai in an cire kaki kowa ya zama farar hula, me ya sa muƙamin ke bin mutum?

Saboda mu farar hula mu ne muke ɗaukarsa mu bi mutum da shi. Duba katin gayyatar ɗaurin aure kawai, za ka ga Kanar wane mai ritaya, Manjo Janar wane mai ritaya, amma ka taɓa ganin an buga Kofur wane mai ritaya? Ni dai ban taɓa ba. Ƙasar da sojoji suka mulke ta kusan shekara talatin, biyu daga cikin janarorin ma, Obasanjo da Buhari, suka dawo suka ci zaɓe, dole idon mutane ya saba da cewa tsohon soja mai daraja shi ne mai anini. Cikin tsofaffin hafsoshi, David Mark ya riƙe shugabancin Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015, Kanar Hameed Ali ya riƙe Kwastam daga 2015 zuwa 2023, Buba Marwa aka ba shi NDLEA a 2021. Ba wai ina cewa ba su cancanta ba ne, ina nuna inda tunanin ya samo asali ne.

Shi kuwa mai igiya, manajan da ke ɗaukar aiki abu ɗaya ya sani game da shi, wai ya iya bindiga ya iya tsayuwa. Don haka sai get. Kamfanonin gadi masu zaman kansu, waɗanda Sibil Difens ke sa wa ido, cike suke da tsofaffin sojoji, ita ma ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion tana da sashen da ke tura mutanenta gadin ma'aikatu. Sai ka tarar a kamfani ɗaya tsohon manjo shi ne shugaban tsaro yana ofis mai AC, tsohon sajen da ya fi shi daɗewa a daji yana bakin ƙofa yana leƙa but ɗin motoci, albashinsa yana yawo a gefen naira dubu 70 ɗin nan da aka sa a matsayin mafi ƙaranci a 2024. Barikin dai aka kwaso aka dasa a cikin gari.

Amma tsakani da Allah, ba gaskiya ba ne hafsa ya fi shi ilimi da iya shugabanci?

A takarda, galibi eh, ba na musu. An koya masa tsara aiki, rubuta rahoto, kasafin kuɗi, magana a gaban manya, kuma yana da digirin da talla take nema. Amma riƙon mutane na yau da gobe, wato sanin wane ne bai ci abinci ba, wane ne matarsa ba lafiya shi ya sa ya yi sanyi, wane ne ke shirin gudu, wannan aikin kofur da saje ne. Kofur yakan riƙe mutum kamar goma, saje shi ne na biyu a kan mutum talatin da wani abu, kuma shi ke ƙirga harsashi da gwangwanin abinci da galan ɗin mai ya sa hannu, in ɗaya ya ɓata shi za a kai gadirum. Wane sufabaiza ne a fakitiri aka taɓa gwada shi haka?

Sannan mutane suna mantawa ba kowane soja ne ɗan harbi zalla ba. Akwai kanikawa, direbobin manyan motoci, masu haɗa oba-oba da wayoyin sadarwa, magina da masu kafa gada, malaman asibiti, akawu, masu dafa wa mutum ɗari biyar abinci sau uku a rana. Duk masu igiya ne.

A Amurka ma suna da irin wannan kallon, shi ya sa lokacin da aka naɗa Chuck Hagel sakataren tsaro a 2013 abin ya zama labari, don a matsayin saje ya yi yaƙin Vietnam, ba hafsa ba, ga shi ya zo janarori suna karɓar umarni a hannunsa.

Ina maganar mutum ya riƙa jin kamar shi ba kowa ba ne, daga ina take zuwa?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne ba a cika magana ba don maza ne, mazan ma sojoji. Ka ɗauki mutumin da tun yana shekara 19 aka koya masa bi oda tukuna kafin ka yi ƙorafi, ba ya zama sai an ce ya zauna, ba ya fara magana a gaban na sama, darajarsa duk tana ɗinke a hannun rigarsa kowa na gani daga nesa. Rana ɗaya aka ce ya miƙa rigar a sito. Washegari ya tashi da asuba yadda ya saba, babu fareti, babu wanda zai ƙame masa, babu kuma wanda zai gaya masa abin da zai yi. A bariki yana yi wa mutanen gari kallon ba su da tarbiyya, yau su ne ogoginsa, wata yarinya sa'ar 'yarsa ta leƙo ta taga ta ce Baba sikiriti zo ka sayo min kati.

Na lura kashi biyu suke rabuwa. Akwai wanda ke shigewa cikin kansa, komai yes sa, ko an zalunce shi yes sa, a mitin yana da amsar matsalar a bakinsa amma ba zai buɗe ba don ba a ce ya yi magana ba, a ba shi albashin da bai kai ba ya karɓa ya yi godiya don a soja ba a ciniki a kan albashi. Akwai kuma wanda ke zama wuta, ya riƙa daka wa leburori tsawa kamar kurata, abu kaɗan ya ce ka san ko ni waye, ni da na yi Sambisa, kafin wata uku an sallame shi an ce ba ya jin magana. Dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu. Kawuna na farkon ne, ya fi wata shida yana cewa shi fa ba shi da ilimi, mutumin da ya riƙe sito na bataliya guda.

Ƙara da jinkirin haƙƙoƙi. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fanshon adashi, hukumar fanshon soja ce ke biyansu, amma duk da haka sau nawa muka ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman a biya su bashin da suke bi. Wanda ba kuɗi a aljihunsa ba ya iya cewa a'a ga aikin da aka raina shi. Wasu kuma sun dawo daga Arewa maso Gabas da abin da ba ya barinsu barci, ƙarar salansa kawai ta firgita su, wannan kam likita yake buƙata ba nasiha ba, kuma zuwa asibiti a kansa ba ragwanta ba ce.

To waɗanda suka fita da mutuncinsu, yaya suka yi?

Abu na farko da na gani, sun daina amsa tambaya da muƙami sun koma amsawa da aiki. In aka ce da wane muƙami ka fita, ya faɗa a taƙaice sannan ya ɗora, na riƙe motoci kaza da direbobinsu shekara kaza, ni ke lissafin mai da gyara. Farar hula bai san mene ne sitaf saje ba, amma ya san mene ne mutumin da kaya ba sa ɓata a hannunsa. Haka CV, a cire gajerun kalmomin bariki da ba wanda zai gane, a rubuta mutum nawa ka kula da su, kayan nawa, wane inji ka iya.

Sai takarda. Wannan ƙasa ce ta satifiket, ko muna so ko ba ma so. Masu wayo tun suna cikin kaki suke yin karatu, wasu ta jami'ar NOUN da ake yi daga gida, wasu su yi jarrabawar gwajin sana'a su ajiye shaidar. Da yawa ma ba su san doka ta yafe wa wanda ya yi fiye da wata tara a soja bautar ƙasa ba, takardar yafewa kawai zai karɓa a NYSC. Akwai kuma cibiyar nan ta Oshodi a Legas da ake tura masu shirin ritaya su yi wata shida suna koyon sana'a, kiwon kaji, kifi, walda, ɗinki da sauransu. Wasu hutu suke ɗaukarta, suna jiran ranar sallama kawai, wasu kuma da ita suka tashi.

Da yawa daga cikin waɗanda na ga hankalinsu ya fi kwanciya ma nasu suka kafa, garejin gyara, gona, motar haya, shagon kayan gini, inda ba wanda zai tambaye su igiya nawa. Sai dai giratuti in ya faɗo 'yan uwa da 'yan damfara tare suke jin ƙararsa, a nan mutane da yawa suka zube.

Na ƙarshe shi ya fi wuya, koyon cewa ban yarda ba cikin ladabi, da koyon roƙo a inda da oda ake bayarwa. A gari in ka ce wa manaja ranka ya daɗe ina ganin in an yi kaza zai fi, ba gadirum za a kai ka ba.

In ogansa a sabon wurin tsohon hafsa ne fa?

Ya danganta da hafsan. Wani zai ja ka a jiki don ya san abin da saje zai iya, shi zai tsaya maka ma a gaban masu kamfani. Wani kuma har yanzu yana ganin odilinsa ne kai, ya aike ka kai yara makaranta. A ba shi girmansa na shekaru da na kujerar da yake kai yanzu, amma takardar ɗaukar aiki ita ce ke faɗin aikinka, ba aninin da ya ajiye ba.

Ya halatta mutum ya ɗan ƙara wa kansa muƙami don a daina raina shi?

A'a. Takardar sallama tana nan, kuma sojoji sun san juna, tambaya biyu za a yi maka, wane kwas ka yi, wace bataliya, asiri ya tonu. Kawuna wani abokinsa ya ba shi shawarar ya riƙa cewa kyaftin, ya ce shi igiyarsa da gumi ya same ta ba zai ari anini ba. Yanzu yana kula da sito da motoci a wani injin casar shinkafa, mai wurin ya gane shi ne ranar da ya ƙirga buhuna da ido ya ce saura bakwai, aka sake ƙirgawa aka tarar bakwai ɗin ne. Yaran wurin Samanja suke ce masa. Amma har yau in tsohon kwamandansa ya bugo waya, ko tuwo yake ci sai ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka, matarsa ta yi ta dariya tana cewa zauna mana Malam ai ba ya ganinka.