Tiyatar ɗame fuska ta "rigakafi": rigakafin me?

Tun da Kris Jenner, tauraruwar talabijin ta Amurka, ta fito da sabuwar fuska a 2025, tana da shekara 69, maganar tiyatar ɗame fuska ta cika TikTok da Instagram. Abin da ya fi damuna shi ne kalmar da aka liƙa mata don jawo masu shekara talatin da 'yan kai a Amurka da Turai: wai "ta rigakafi". Har masu shirin kwalliya sun ɗauka, suna cakuɗa ta da allurar Botox mai rage tamojin fuska kamar abu ɗaya ne.

Kowa ya san rigakafi. A yi wa yaro allurar ƙyanda, ƙyanda ta zo ta wuce shi. To wace cuta wannan tiyata take tarewa?

A ƙarƙashin fatar fuska akwai wani shimfiɗi na nama da zare-zare da ke riƙe da kumatu, wanda likitocin Faransa biyu, Mitz da Peyronie, suka bayyana a 1976. Kafin nan galibi fata kawai ake ja, shi ya sa fuskokin wancan zamani suke fitowa a ɗaure. A 1990 Sam Hamra, likita a Dallas, ya kawo salon shiga ƙarƙashin wannan shimfiɗi, a saki zare-zaren da suka riƙe shi, a ɗaga shi sama a ɗinke. Wannan salon ne ake ta yayi yanzu. Aikinsa ɗaya ne, wato mayar da naman da ya zazzago wurinsa. Idan bai zazzago ba, me za a ɗaga? Bayan an gama kuma ƙashin fuska zai ci gaba da raguwa, kitse ya ci gaba da zagwanyewa, rana ta ci gaba da cin fata. Wuƙa ba ta dakatar da ko ɗaya.

Masu goyon baya suna da hujja, ban musa ba: fatar matashi ta fi saurin warkewa, wasu kuma gado ko ramewa da Ozempic, maganin ciwon sukari da ake amfani da shi don rage ƙiba, kan sa fuskarsu ta saki da wuri. Wannan gyara ne na abin da ya riga ya faru, a kira shi da sunansa.

Amma galibi amfanin aikin kimanin shekara goma ne. Wadda ta fara tana 35 ta ɗauko hanyar komawa karo na biyu, wataƙila na uku, kowanne a kan tabon na baya, kusa da jijiyar da ke motsa gira da leɓe. Taruwar jini ƙarƙashin fata ita ce matsalar da aka fi samu, mai shan taba kuma fatarta na iya mutuwa a gefen yanka. Mu masu baƙar fata muna da ƙarin damuwa, domin tabon nan da ke tasowa ya yi tudu bayan hudar kunne ya fi kama mu, yankan wannan tiyata kuwa gaban kunne da bayansa yake bi.