Ɗalibai, don Allah ku ajiye shayin rage ƙiba

Duk zangon karatu abu ɗaya muke gani a ɗakin shan magani na makaranta. A shigo da yarinya a rirriƙe, ta yanke jiki ta faɗi a aji ko a layin ɗiban ruwa, leɓe a bushe, ido ya faɗa, zuciya na bugawa da sauri. Me kika ci yau? Ruwan ɗumi da lemon tsami. Jiya fa? Shayi. Wane shayi? Na rage tumbi, wanda ta saya a Instagram ko a hannun wata a ɗakin kwana. Samari ma sun fara, amma 'yan mata suka fi yawa, musamman in biki ya matso kuma anko ya ƙi shiga.

Ƙannena, shayin nan ba ya ƙona kitse. Da yawa daga cikinsu ganye ne mai sa gudawa, dangin filasko, wasu kuma an haɗa da mai sa yawan fitsari. Filasko a babban hanji yake aiki, bayan jiki ya riga ya tsotse abincin. To me ya fita? Ruwa da gishirin jiki. Kilo biyun da kika gani sun ragu a sikeli cikin kwana uku ruwa ne, yana nan dawowa. Abin da zai bar miki shi ne jiri, murɗawar ciki, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Idan kika daɗe a kansa hanji ya saba, ranar da kika daina sai bayan gida ya gagara. Haba, da kuɗinki ki sayi zawo?

Sai a haɗa shayin da yunwa. A ƙi karin kumallo, a wuni a aji ciki ba komai, ƙarfe goma sha ɗaya na dare yunwa ta ci ƙarfin mutum a dafa Indomie biyu a kora da lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Wace rama ake nema a haka? Ga ki kina jinin al'ada duk wata, kin yanke wake, kin yanke ƙwai da ganye, dole jini ya yi ƙasa, karatu ya ƙi zama a kai. Kada ma a kawo zancen azumi: mai azumi yana da sahur, yana da buɗa-baki.

Ba na ganin laifin wadda take son jikinta ya yi mata daidai. Na san zafin gorin ƙawaye. Amma ki fara zuwa a auna nauyinki da tsawonki, domin wasu da ke azabtar da kansu ba su da ƙibar da za a rage ma. Idan akwai, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da ba ta cutarwa, kuma da abincin da kika sani ake yin ta.

Da safe ki ci wani abu ko yaya: koko da ƙosai, ko dafaffen ƙwai, ko alale. Da rana ki raba faranti: rabi ganye, kwaɗon zogale, rama, kabeji, tumatir, kashi ɗaya cikin huɗu shinkafa ko tuwo ko dankali, sauran wake, awara, kifi ko nama. Mai cokali ɗaya ya isa ɗanwake, ba sai ya yi iyo ba. Da dare a ci da wuri, a ci kaɗan. In yunwa ta taso tsakani, gyaɗa cikin tafin hannu, goba ko lemon zaƙi. Zoɓo da fura a rage musu sukari. Ruwa a gora duk inda za ki. Shayi na gaskiya ma a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarin jini.

Motsa jiki kuma ba sai da kuɗi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Wanda bai kai shekara 18 ba, awa ɗaya kullum. Tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga, tsallen igiya a tsakar ɗaki, hawa bene, ƙwallo. A yi bayan asuba ko da la'asar sakaliya, kada a yi cikin tsakar rana. A fara da minti goma a riƙa ƙarawa. Ɗamarar matse ciki ba ta narka komai, numfashi kawai take takurawa.

Shayin nan dai a ajiye shi yau, kuma kada a ba wata ragowar. Lambar NAFDAC a jikin kwali ba ta nufin ya dace da ke. Wadda al'adarta ta ɗauke, ko take yawan jiri, ko take sa yatsa a maƙogwaro ta amayar da abin da ta ci, ta zo ta same mu, ba wanda zai ji. Ki taho da kwalin a hannunki mu duba abin da aka rubuta a jikinsa.