Mene ne kwampos, kuma yaya ake yin sa a bokiti?

Kwampos taki ne da ake samu idan ɓawon kayan lambu, busasshen ganye da makamantansu suka ruɓe a inda iska ke ratsa su, har suka koma baƙar ƙasa mai laushi. Iskar nan ce ta raba shi da juji. A juji shara kan danne juna ta ruɓe babu iska, shi ya sa take ɗoyi. Masu aikin kuwa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, kuma abin da suke so bai wuce abinci, danshi da iska ba.

Abincin nasu iri biyu ne. Akwai ɗanye, mai naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore: ɓawon ayaba, ragowar ganyen miya, tumatirin da ya lalace, ganyen shayin da aka riga aka dafa. Akwai busasshe, mai kabon, sinadarin da ke ba halittun nan kuzari: ganyen bishiya, kwalin da aka yayyaga, takarda marar sheƙi, garin katakon da ba a shafa wa magani ko fenti ba. Duk mazubi ɗaya na ɗanye, a bi shi da biyu zuwa uku na busasshe. A nan yawancin masu farawa ke tuntuɓe, domin kicin ɗanye kawai yake fitarwa. Saboda haka tun kafin a zuba ɓawo na farko, a tanadi buhun busasshen ganye ko kwali a gefe.

Wanda ba shi da fili, bokitin roba mai murfi na lita 20 ya ishe shi. A huda gindinsa da jikinsa, huji kamar faɗin fensir, a ɗora shi kan bulo biyu a inuwa, a sa faranti a ƙasa don ruwan da zai tsatso. A fara shimfiɗa busasshe kaurin yatsu huɗu. Duk lokacin da aka zuba ɗanye, a daddatsa shi ƙanana sannan a rufe shi ruf da busasshe. Tafin hannu ɗaya na ƙasar lambu a farko yana taimakawa. Sau ɗaya ko biyu a mako a juya da sanda har ƙasa.

Danshi da hannu ake gwada shi. A damƙi kaɗan a matse: ya yi kamar tsumman da aka matse, ɗigo ɗaya ko biyu kawai. Idan ruwa ya biyo yatsu, ya jiƙe da yawa.

Hanci ne zai fara sanar da matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin ya caɓe, iska ta daina shiga. A ƙara kwali a juya. Zarni kuma alama ce ɗanye ya rinjayi busasshe. Ƙananan ƙudaje na taruwa ne idan an bar ɓawon 'ya'yan itace a buɗe. In kuma makonni sun wuce komai na nan yadda aka zuba shi, ya bushe ne, a yayyafa ruwa.

Nama, kifi, mai da madara kada su shiga, suna wari kuma suna kiran ɓera. Haka ma kashin kare ko na kyanwa, saboda cututtuka. Dalilin wannan takatsantsan shi ne, babban tsibi mai kamar mita ɗaya ta kowane ɓangare kan ɗau zafi ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyos, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bokiti ba ya riƙe zafi haka. Ɓawon ƙwai ba laifi, amma a daka shi, in ba haka ba sai an gama komai a tarar da shi yana nan.

Idan bokitin ya cika, a daina ƙara masa, a koma na biyu. A lokacin zafi yakan nuna cikin wata biyu zuwa huɗu, sanyi kuma na jinkirta shi, kuma zai sauka zuwa kusan rabi. Nunanne baƙi ne, yana marmashewa, yana ƙanshin ƙasar da ruwan sama ya taɓa, ba a kuma gane abin da aka zuba. Wanda bai nuna ba yakan janye naitirojin daga ƙasa, ganyen shuka ya yi rawaya. A tukunyar shuka, a gauraya kashi ɗaya na kwampos da kashi uku na ƙasa.