Zama a jirgin ruwa a Ingila: mafita ce daga tsadar haya, ko sayar da kare ne a sayi biri?

Wanda ya taɓa bin gefen kanal ɗin Regent's a Landan, wato hanyar ruwa da aka haƙa don jirage, daga Little Venice zuwa Camden, ya ga su jere a bakin ruwa: dogayen jirage sirara, wani ɗaure a jikin wani, hayaƙi na fita ta bututu, a kan rufin ga keke, ga buhunan kwal, ga tukwanen furanni. Da yawansu gidaje ne. Mutane na kwana a ciki, su yi wanka, su kulle ƙofa su tafi aiki. Tsadar haya ta sa har wasu 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata a Birtaniya sun fara tambayar ko nan mafita take. Ga abin da aka fi tambaya, da amsar da zan iya bayarwa.

Wane irin jirgi ne, kuma me ya sa ya yi siriri haka?

Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, wato mita 2 da 'yan kai, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 70. Dogon mutum ya buɗe hannuwansa a ciki, sai ya taɓa bango biyu. Dalilin yana can a tarihi. A 1761 aka buɗe kanal ɗin Bridgewater don kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, kuma injiniya James Brindley da ya yi aikinsa shi ne daga baya ya tsayar da girman matakalun ruwa na tsakiyar Ingila a kan faɗin ƙafa 7. Matakalar ruwa wani ɗaki ne na bulo mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa ya ɗaga shi, ko a zuƙe ya sauke shi. Da haka jirgi ke hawa tudu. Tunda ɗakin ƙafa 7 ne, dole jirgin ya yi ƙasa da haka, kuma haka abin ya tsaya har yau.

A da doki ne ke jan jirgin daga gefen ruwa. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya farashin dako, matuƙa suka kasa biyan hayar gida a tudu, sai suka kwaso mata da 'ya'ya cikin ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi. Wato tun farko talauci ne ya sa mutane zama a ruwa, ba sha'awa ba. Dakon kaya ya yi ta ja da baya har tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan na makonni, ya kusa ƙarasa shi. Masu kishin kanal, irin ƙungiyar Inland Waterways Association da aka kafa a 1946, su suka hana a cike hanyoyin da ƙasa.

Ya fi haya arha?

Ga wanda ke biyan hayar ɗaki a Landan, lissafin wata zai iya nuna e. Amma araha ba ta ado. Jirgi ba ya kan fili, don haka bankuna ba sa ba da bashin sayen gida irin na kullum a kansa; ko dai ka biya kuɗi hannu, ko ka ci bashi mai gajeren wa'adi da ruwa mai yawa, abin da Musulmi zai tsaya ya yi tunani a kai tun kafin ya je kallon jirgi. Tsohon jirgi mai kyau dubban fam ne masu yawa, sabo kuwa yakan haura fam 100,000. Sannan gida yakan ƙara daraja da shekaru, jirgi kuwa ƙarfe ne a cikin ruwa, kullum tsatsa na cin rabonta.

Bayan saye akwai kuɗin da ba sa yankewa. Akwai lasisi na shekara daga hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012 kuma take kula da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales; na dogon jirgi ya haura fam 1,000. Akwai inshora. Akwai takardar shaidar lafiyar gas da wuta da mai, da ake sabuntawa duk shekara huɗu. Duk shekara biyu ko uku kuma sai an fitar da jirgin daga ruwa, a kankare ɓangaren da ke shiga ruwa a shafe da baƙin fenti mai kwalta. Ga dizal, ga gas, ga kwal, ga batura da ke mutuwa bayan 'yan shekaru. Ni a ganina, wanda ba zai iya ajiye kuɗin gyara a gefe ba bayan ya sayi jirgi, bai kai ga saye ba tukuna.

Kuɗin lasisi ma ba sauka za su yi ba. A 2023 gwamnati ta sanar da cewa za ta rage tallafin da take ba hukumar daga 2027, alhali gadoji da madatsan ruwa masu shekara 200 ba su daina neman gyara ba.

A ina ake ajiye shi?

Nan gizo ke saƙa. Hanya biyu ce. Ta farko, ka kama maɗauri na dindindin da aka yarda a zauna, sau da yawa da wutar lantarki da famfo a gefe. Irinsu sun yi ƙaranci, a tsakiyar Landan kuɗinsu na shekara kan haura fam 10,000, kuma za ka biya harajin ƙaramar hukuma kamar mai gida. Ribar da ka zo nema ta tafi kenan, ko mafi yawanta.

Ta biyu, ka karɓi lasisin mai tafiya kullum. Dokar 1995 ta yarda mutum ya riƙe jirgi ba tare da maɗauri ba, muddin da gaske tafiya yake, kuma ba ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Wasu wuraren masu cunkoso ma kwana biyu ne. Ba a yarda ka matsa gaba kaɗan ka dawo baya, kana kai-komo tsakanin gadoji biyu ba. Ma'aikatan hukumar na bin gefen ruwa suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi. Wanda tafiyarsa ba ta gamsar ba, a rage masa wa'adin lasisi, in ya ci gaba a hana shi, daga nan kuma ana iya kai wa ga kotu da cire jirgin daga ruwa. Tun 2024 kuma an ɗora wa masu wannan lasisi ƙarin kuɗi a kan na sauran, abin da ƙungiyarsu ta National Bargee Travellers Association ta yi ta zanga-zanga a kai.

A auna wannan da rayuwar mai aikin asibiti ko ɗalibi. Wannan makon tashar jirgin ƙasa na kusa da kai, mako biyu masu zuwa sai ka yi tafiyar rabin awa a duhu cikin taɓo kafin ka ga titi. Ranar hutunka ta tafi a tuƙi, kuma gudun da aka yarda mil 4 ne a awa, saurin tafiyar ƙafa. Kowace matakala da hannu ake buɗe ta, a murɗa da ƙarfe, a tura ƙofa da baya. A Tardebigge, kan hanyar Worcester zuwa Birmingham, 30 ne a jere.

Ruwa da wuta da ban-ɗaki fa?

Kai ne hukumar ruwa, kai ne kamfanin wuta, kai ne mai kwasar masai. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya yana lissafin batirin inbata da ruwan tankin sama, wannan ɓangaren ba zai ba shi tsoro kamar yadda yake ba Bature ba. Ruwa a tanki yake, ana cika shi da tiyo a famfunan hukuma, wani lokaci bayan bin layi. Wuta daga batura take, sola ke caja su da bazara. Da hunturu rana ba ta da ƙarfi, sai a tayar da inji, kuma doka ta hana tayar da inji ko janareto a maɗauri daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Dutsen guga da tukunyar lantarki sai a yi haƙuri da su.

Ban-ɗaki shi ne abin da masu talla ba sa ɗaukar hotonsa. Mafi yawa wata 'yar jarka ce a ƙarƙashin mazauni, in ta cika ka zaro ta, ka ɗauka da hannunka zuwa wurin zubarwa, ka wanke. Wasu na da babban tanki da ake zuƙewa da inji a biya kuɗi. Ga mu masu tsarki da ruwa, jarkar ta fi saurin cika, kuma wannan lissafi ne na gaske da ya kamata a yi.

Ba a daskarewa da sanyi?

Abin mamaki, jirgi mai murhun kwal ko itace yakan yi ɗumi har a buɗe taga, don wurin ƙarami ne. Matsalar ita ce asuba, lokacin da wutar ta mutu, ruwa ya taru a jikin tagogi yana ɗiga, ga danshi da ke sa tufafi wari a kabad. Akwai jiragen 'yan kasuwa da ke yawo suna sayar da kwal da dizal da gas. Idan kanal ya daskare kuwa, kana nan inda kake, ko da tankinka ya ƙare. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma hukuma na rufe wasu matakalu don gyara.

Haɗari na gaske shi ne hayaƙin nan marar wari da murhu ko janareto ke fitarwa, wanda ya sha kashe mutane cikin barci a jirage. Tun 2019 dole ne a sa na'urar da ke ƙara idan ya taru. Kada a toshe ramukan shan iska wai don maganin sanyi.

Me za a duba kafin a biya?

Cikin jirgin, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin ruwa. Labule da katako mai sheƙi ba sa hana nutsewa. A biya a fitar da shi tudu, a ɗauko ƙwararre na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya auna kaurin ƙarfen da na'ura. Jiragen zamani galibi ana ƙera su da milimita 10 a ƙasa, 6 a gefe, 4 a sama. Idan tsatsa ta ci ya ragu sosai, masu inshora na iya ƙin karɓa sai an yi waldar sabon ƙarfe, aikin da ke cin kuɗi. A tayar da injin yana sanyi a ji muryarsa. A nemi rasit da tsoffin takardu, domin jirgi ba shi da rajistar mallaka ta dole irin ta gida, ana iya sayar maka da na wani ko wanda ake bin bashi a kansa. Tsawo kuma, ƙafa 57 ne ke shiga kusan ko'ina, don matakalun wasu hanyoyin arewa, irin Calder and Hebble, gajeru ne.

Adireshi fa?

Mai tafiya kullum ba shi da shi. Likitan unguwa bai kamata ya ƙi yi maka rajista don haka ba, amma banki da wurin aiki da ofishin shige da fice duk suna son inda za su aiko wasiƙa. Yawanci ana aron na ɗan uwa ko aboki. Wanda zamansa a ƙasar na biza ne, ya fara warware wannan kafin komai.

Mai iyali zai iya?

Akwai masu yi, har da yara 'yan makaranta, amma kai yaro makaranta ɗaya alhali gida na matsawa duk mako biyu aiki ne ja. Ga mu kuma akwai ƙari. Baƙo ya zo, ina za a sa shi? Mutum biyu ba sa wuce juna a lungun jirgi sai ɗaya ya rakuɓe. Salla tana yiwuwa, sai dai alƙibla na sauyawa duk sanda aka sauya maɗauri, kuma in ta faɗo ta faɗin jirgin, sujada sai an kawar da kujera. Masallacin Juma'a ma kowane wata sabo za ka nema.

To, ta ina mai sha'awa zai fara?

Ya yi hayar jirgi na mako guda, amma ba a watan Yuli ba, lokacin da kowa ke jin daɗi. Ya nemi kamfanin da ke bayarwa da hunturu, ya karɓa a Janairu ko Fabrairu, ya riƙa tashi da asuba kamar mai zuwa aiki, ya zubar da jarkar ban-ɗaki da kansa, ya wuce matakalu biyar ko shida cikin ruwan sama. Ya tsaya ya yi hira da waɗanda ke bin layin famfo, don su ne za su gaya masa nawa suka kashe a bara da kuma wane makaniki ne ke zuwa idan an kira shi.