Wai sukurun sitenles ba ya tsatsa?

Yana yi mana. Abin da ke kare shi wani sinadari ne mai suna kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na ƙarfen, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani. Gishiri da ruwan bilic suna huda fatar nan. Inda aka matse sukuru cikin danshi kuma, iska ba ta shiga balle fatar ta sake fitowa. Wani lokacin ma ba shi ne ya lalace ba, ɓurɓushin baƙin ƙarfe ne daga garandar mai walda ya manne masa.

Sukuru mai lamba A2, wato nau'in sitenles da ake kira 304, ya wadatar a cikin ɗaki. Gini a bakin teku, kamar Legas, sai A4, wato 316, mai molibdenam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wani sinadari da ke ƙara masa juriyar gishiri.